Yadda Za Ka Horar da Kunnenka Ya Gano Saiwar Det-metal a Cikin Tsohon Kiɗan Tirash

Sana'ata gyaran amfilifaya da sifika ce a unguwar Nima ta birnin Ankara a ƙasar Gana, kuma ta wannan ƙofa kiɗan da zan yi bayani a kansa ya shigo mini. Shekaru da dama da suka wuce wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo mini rediyo mai kaset daga Tema domin in canza masa bel, ya manta da kaset a ciki, wanda aka rubuta wa sunayen ƙungiyoyin kiɗa biyu da biro, Slayer a fuska ɗaya, Possessed a ɗaya fuskar. Na sa shi ne kawai don in gwada aikina, sai ga shi na yi ta juya shi har mai rediyon ya dawo. Kwanan baya yaron da ke koyon aiki a wurina ya ji ina gwada wata sifika da irin wannan kiɗa, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Masta, wannan waƙa ce ko janareto ne ya shaƙe?" Ban ga laifinsa ba, domin wanda aka jefa cikin det-metal kai tsaye ba zai ji komai ba sai rugugi. Na ɗauki mako uku ina bi da shi daga tushe, kuma hanyar da muka bi ita ce zan shimfiɗa a nan.

Metal wani reshe ne na kiɗan rok mai nauyin jitar lantarki da ganguna, kuma sunan det-metal da kansa yana nufin kiɗan metal na mutuwa, shi kuwa tirash shi ne metal mai tsananin sauri da ya bayyana a farkon shekarun 1980. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tsakanin 1983 da 1987 babu katanga tsakanin su biyun. Samari ne suka riƙa tura tirash gaba, kowa yana neman ya fi ɗan'uwansa sauri da muni, har abin ya rikiɗe ya zama wani kiɗa dabam, kuma kunne yana iya bin wannan rikiɗa daki-daki idan aka ba shi fayafayan bisa jerin shekarunsu.

Kafin ka fara, ka gyara kayan saurarenka. Sifikar waya ba ta da amfani a wannan aiki ko kaɗan, saboda ba ta iya fitar da sautin babbar gangar ƙafa da jitar bes, alhali rabin labarin a can ƙasa yake. Ka nemi iyafis mai rufe kunne, ko da na gwanjo ne irin wanda ake samu a wajen masu sayar da waya a unguwar Circle ta nan Ankara, ka gwada shi da waƙar da ka sani sosai kafin ka biya. Kada ka ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma da zarar ƙarar ta haura, lokacin yana raguwa ƙwarai. Ma'aunin da nake ba yara shi ne, idan wanda ke zaune kusa da kai a cikin trotro, wato ƙaramar motar haya, ya yi maka magana ba ka ji ba, to ka wuce iyaka. Abu na biyu shi ne maɓallin rage gudu da ke cikin YouTube, wanda ke mayar da waƙa zuwa 0.75 ko 0.5 na saurinta. Da shi za ka warware abin da ya dunƙule. Na uku kuwa ƙa'ida ce: kowace waƙa ka ji ta sau uku, karo na farko ka bi ganguna kaɗai, na biyu jita, na uku murya. Mu da muka tashi muna jin kalangu da gangunan biki a zango muna da riba a nan, domin an riga an koya wa kunnenmu ware makaɗi ɗaya daga cikin taro, don haka da ganguna ya kamata mu fara.

Iyayen tirash ba sai ka daɗe a kansu ba, yini ɗaya ya isa. Ka ji faifan Overkill na Motörhead na 1979 domin gangunan ƙafa biyu da Phil Taylor ke takawa ba tsayawa, ka ji Venom na birnin Newcastle a faifansu na 1981 da na 1982 domin ƙazamin sauti da murya mai kaushi, sannan ka ɗan leƙa Discharge, 'yan kiɗan fank (punk, wato rok mai gaggawa da tawaye) na Ingila, domin ka ji daga inda gaggawa da fushi suka fito. Idan ka haɗa nauyin metal da wannan gaggawa ta fank, ka samu tirash.

Daga nan ka tsaya a 1983, ka ajiye fayafai biyu gefe da gefe: Kill 'Em All na Metallica, wanda ya fito a watan Yuli, da Show No Mercy na Slayer, wanda ya fito a Disamba. A nan za ka koyi abin da hannun dama na mai jita ke yi, wanda shi ne ƙashin bayan tirash. Makaɗin yana ɗora gefen tafin hannunsa a kan tsirkiya daf da inda aka ɗaure ta, ya danne ta kaɗan yadda ba za ta yi dogon amo ba, sai kowane bugu ya fito gajere mai ƙarfi kamar sarar adda a kan katako. Gajeriyar jimlar kiɗan da ake maimaitawa ana kiranta rif, kuma a tirash ana gina rif ne da wannan sara. Ka rage gudu zuwa 0.75 ka ga ko za ka iya buga ta da yatsa a kan tebur. A wajen Metallica za ka iya, har ma za ka iya rera ta da baki, domin akwai sauran ƙamshin tsohon kiɗan rok a jikinta. Slayer ma a wannan faifai na farko ba su yi nisa ba tukuna, amma ka lura da yadda suke son sautuka masu maƙwabtaka da juna, waɗanda ba sa kwantar wa kunne da hankali. Reshen Metallica, tare da Megadeth da Anthrax, ya nufi tsafta da tsari. Reshen Slayer shi za ka bi.

A kan Slayer nake so ka zauna mako guda cur, domin a ganina babu ƙungiyar da det-metal ya ci gadonta kamar ita. Ka fara da ƙaramin faifansu Haunting the Chapel na 1984, ka wuce Hell Awaits na 1985, ka ƙare da Reign in Blood na Oktoba 1986, wanda Rick Rubin ya shirya, mai waƙa 10 da gaba ɗayansu ba su cika minti 30 ba. Ka sa kunne a kan Dave Lombardo, makaɗin gangunansu haifaffen Habana ta ƙasar Kyuba. Bugun tirash na asali musaya ce tsakanin gangar ƙafa da ƙaramar ganga mai kaifi da ke gaban makaɗi, dum-tas, dum-tas, cikin saurin da kan haura bugu 200 a minti. Lombardo yana yin wannan, amma a wasu wurare sai ya sake ƙafafunsa biyu su yi ta birgima a ƙarƙashin kiɗan ba ƙaƙƙautawa, yayin da hannayensa ke tafiya a hankali a sama, har ka rasa ko waƙar gudu take ko tafiya. Wannan shimfiɗa ta ƙafa biyu ita ce daga baya ta zama ƙasan ɗakin det-metal, wadda ake gina komai a kanta. Akwai manhajojin auna bugu na kyauta da ake taɓawa da yatsa. Ka sauke ɗaya ka riƙa rubuta lambar kowace waƙa a takarda, za ka ga da idonka yadda take hawa daga shekara zuwa shekara.

A karo na biyu ka koma kan jitocin Kerry King da Jeff Hanneman. Ban da sarar da ka koya, za ka ji wani salo inda hannun ke kaɗa tsirkiya ɗaya sama da ƙasa da matuƙar sauri ba tare da dannewa ba, sai sautin ya daina zama bugu-bugu ya koma zare guda mai karkarwa, kamar kukan injin niƙa idan ya ɗauki gudu. A tirash wannan salo yaji ne da ake barbaɗawa, a det-metal kuwa shi ne tuwon. Idan ka iya bambance sara da karkarwa da kunnenka, ka ci rabin jarrabawar. Ka kuma lura cewa idan lokacin kiɗan mutum ɗaya ya zo, su biyun ba sa neman daɗi, sai haniniya da kururuwa kamar dokin da aka ja wa linzami da ƙarfi, kuma wannan ma an gada.

Abu ɗaya ne Slayer ba su ba det-metal ba, shi ne murya. Tom Araya ihu yake yi da ƙaraji, amma kalmominsa a fili suke, muryar mutum ce mai fushi. Domin ka ji inda murya ta fara komawa gurnani sai ka juya kaset ɗin nan zuwa ɗaya fuskar. Possessed samari ne daga yankin San Faransisko, sun fitar da kaset na gwaji mai suna Death Metal a 1984, sannan faifan Seven Churches a Oktoba 1985 a kamfanin Combat, suna 'yan shekara goma sha, wasunsu ba su gama sakandare ba. Idan ka bi ganguna da jita kaɗai, za ka rantse tirash kake ji irin na Slayer, sai dai ya fi hargitsi, har makaɗin gangunan yana neman ya kasa riƙe gudun. Amma da Jeff Becerra ya buɗe baki sai launin komai ya sauya, domin sautin yana fitowa ne daga ƙasan maƙogwaro, a shaƙe, kalmomin suna narkewa cikin juna. Mutane sun daɗe suna gardama a kan ko wannan faifai tirash ne ko det-metal, ni kuwa ina ganin amfaninsa ke nan ga mai koyo, domin a kan iyakar yake tsaye, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ga mai sha'awar ƙarin bayani, mai jitarsu Larry LaLonde shi ne daga baya ya yi suna a ƙungiyar Primus, shi kuwa Becerra 'yan fashi sun harbe shi a 1989, ya koma kan keken guragu, kuma hakan bai hana shi komawa waƙa ba. Gargaɗi guda: kada ka ce za ka kwaikwayi gurnanin nan ta hanyar matse maƙogwaro. Yaron shagona ya gwada, ya kwana biyu yana magana kamar mai mura.

Kada ka ɗauka Amurka kaɗai ce ta yi wannan naƙuda. A birnin Essen na Jamus, yankin ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe, Kreator sun fitar da Pleasure to Kill a 1986, kuma idan ka jera shi da Reign in Blood za ka ji na Jamus ya fi ƙazanta da rashin haƙuri. Maƙwabtansu Sodom da kuma Destruction duk a kan wannan turba suke. A Belo Horizonte ta Barazil, Sepultura sun yi Morbid Visions a 1986 da kayan kiɗa marasa inganci, jitocin ma ba su gama daidaita da juna ba, amma gurnanin yana nan. A Los Anjalis kuma Dark Angel sun yi Darkness Descends a wannan shekara, da Gene Hoglan a kan ganguna, mutumin da daga baya ya buga wa ƙungiyar Death. Ka ga yadda makaɗa da kansu suke tsallaka iyakar. Akwai darasi na dabam a wajen Hellhammer da magajiyarta Celtic Frost ta ƙasar Suwizalan, musamman Morbid Tales na 1984. Su sun nuna cewa nauyi ba sai da gudu ba, ana iya jan rif a hankali kamar ana jan buhun siminti a ƙasa, kuma idan daga baya ka ji Obituary suna tafiyar hawainiya a Slowly We Rot na 1989, ka san inda suka sha nono.

Yanzu ka isa wurin gwajin kanka. Ka sa Scream Bloody Gore na ƙungiyar Death, wanda ya fito a Mayu 1987. Mutum biyu ne kacal suka buga shi, Chuck Schuldiner a kan jita da bes da murya, Chris Reifert a kan ganguna, kuma Randy Burns ne ya shirya shi, wanda shi ne ya shirya Seven Churches. Ka ɗauki takarda ka raba ta biyu, a dama ka rubuta abin da ka riga ka ji a tirash, a hagu abin da yake sabo. Idan kunnenka ya horu, ɓangaren dama zai cika: bugun dum-tas, sarar hannun dama, ginin waƙa mai baiti da amshi. A hagu za ka sami abu kaɗan amma masu nauyi, wato muryar da ta koma gurnani daga farko har ƙarshe, karkarwar jita da ta mamaye ko'ina, da kuma sautin da ya yi ƙasa saboda an sassauta tsirkiyoyi. Duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya san wannan dabara, idan ya matse igiyoyin a hammata murya ta hau, idan ya saki ta sauka ta yi kauri. Slayer sun sauke jitarsu da rabin mataki, Death da mataki guda, 'yan Suwidin irin su Entombed a faifansu na 1990 suka sauke ta can ƙasa sosai, suka haɗa da ƙaramar na'urar Boss HM-2 da aka murɗe maɓallanta duka har ƙarshe, abin da ya ba su sautin zarton inji. A matsayina na mai gyara, wannan na'ura ita ce ta fi ba ni dariya da sha'awa, domin abin da muke wahalar cirewa daga amfilifaya shi suka je suka saya da kuɗinsu.

Sai dai ka yi hattara da shekarun fitowar fayafai, domin suna iya ruɗar da kai. Schuldiner ya kafa ƙungiyarsa a Fulorida tun 1983 da sunan Mantas, kuma kaset ɗinsu na gwaji Death by Metal ya fito a 1984, shekarar da na Possessed ya fito. A wancan zamani waɗannan kaset-kaset ta gidan waya suke yawo, yaro a Barazil ya kwafa ya aika Suwidin, na Suwidin ya kwafa ya aika Fulorida, tare da ƙananan mujallu da ake bugawa da injin hoto, kamar dai yadda kaset ɗin mawaƙa da na wa'azi daga Kano ke isowa zangon Ankara da na Kumasi a kwafe, kwafi a kan kwafi. Kowane kwafi yana ƙara dusashe sautin, yana ƙara masa ƙura, kuma ina zargin cewa yaran da suka koyi kiɗa daga kwafi na biyar sun ɗauka haka ake so ya kasance. Don haka idan ka ga kaset ɗin gwaji a intanet, ka jure wa shuu ɗin da ke cikinsa ka saurara, kuma idan akwai zaɓi tsakanin tsohon bugu da wanda aka sake gogewa, ka fara da tsohon. Tambayar wa ya riga wa kuwa, ka bar ta ga masu son musu.

Akwai abu guda da ba kasafai za ka same shi a tirash ba, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Idan ka kai Altars of Madness na Morbid Angel na 1989, za ka ji Pete Sandoval yana wani bugu inda ƙafa da hannaye ke sauka kusan tare cikin saurin da ya wuce ƙirga, kamar ruwan saman watan Yuni a kan rufin kwano. Ana kiransa bilas-bit, kuma ta wata ƙofa ya shigo, ta wajen fank mai tsanani da kiɗan da ake kira girayindko, irin na Repulsion a jihar Mishigan da Napalm Death na Bamingham a faifansu na 1987. A wannan lokaci cibiyar ta koma birnin Tampa na Fulorida, a situdiyon Morrisound, inda Scott Burns, wanda ba shi ne Randy ba, ya naɗi Obituary da Deicide da Cannibal Corpse. Daga nan ɗan ya bar gidan ubansa.

Ba zan rufe ido a kan maganar kalmomi ba, tunda yawancin masu karanta wannan Musulmi ne kamar ni. Waƙoƙin wannan zamani cike suke da ambaton Shaiɗan da gawa da jini, wasu don su firgita iyayensu da limaman coci, wasu saboda finafinan ban tsoro da suke kallo, wasu ƙalilan kuma da gaske suke ƙin addini. Ba ɗaya suke ba. Araya na Slayer ɗan Katolika ne, Schuldiner kuwa daga 1990 ya bar zancen gawa ya koma kan halin ɗan Adam da matsalolin al'umma har rasuwarsa a Disamba 2001 yana da shekara 34. Shawarata ita ce ka karanta kalmomin waƙa kafin ka maimaita ta, abin da zuciyarka ta ƙi ka tsallake shi, domin darasin ganguna da jita yana nan a wata waƙar. Ni kaina akwai fayafan da ban ajiye a shagona ba. Hukuncin kiɗa kuwa fagen malamai ne, ka tambayi naka. Sannan ka kula da maƙwabta. Na taɓa mantawa na bar wata babbar sifika a buɗe gab da la'asar, sai ga Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a gefen shagona ta leƙo, ludayi a hannu, ta ce, "Ɗana, lafiya kuwa? Wa ake yankawa a ciki?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, gwaji nake yi." Ta ce to in gwada da karatu mana. Tun ranar iyafis nake sawa.

Idan ka gama da tsofaffin, ka gwada sabon kunnenka a kan na kusa da gida. A Botsuwana akwai Overthrust na garin Ghanzi da Wrust na Gaborone, kuma a nan maƙwabta, a Lome, akwai Arka'n Asrafokor, waɗanda ke haɗa metal da gangunan ƙabilar Ewe, irin na rawar agbadza, da harshensu. Ka bi su da ƙa'idar nan ta sau uku, ka ware abin da suka gada daga 1986 da abin da suka kawo daga gida. Da na sa wa yaron shagona na Lome, bai ce komai a kan jita ba, sai ya ɗaga kai daga kan allon da yake liƙawa ya ce, "Masta, ƙafar ta Lombardo ce, amma hannun nan na masu agbadza ne," ya nemi in mayar da ita 0.75 domin ya ƙirga.